Sallamar yaron shago da lissafin maigida a zamanin tsadar rayuwa

Ranar 29 ga Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, bayan watanni ana kai ruwa rana tsakanin gwamnati da masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC, waɗanda suka fara da neman naira 615,000, har suka shiga yajin aikin da ya kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya a farkon watan Yuni. Gwamnatin Kano ta amince da naira 71,000 ga ma'aikatanta a watan Oktoban wannan shekara. Sai dai duk wanda ya tsaya a bakin Kantin Kwari ko kasuwar Singa da ƙarfe tara na safe, ya ga dubban samarin da ke ɗaga ƙofofin shaguna suna jera kaya, yana kallon mutanen da wannan doka ba ta ce komai a kansu ba. Dokar da kanta ta cire duk ma'aikatar da ba ta kai mutum 25 ba, ta cire masu aikin da ba na cikakken lokaci ba, da waɗanda ake biya la'ada ko gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin da ke bin yanayi irin na gona. Idan aka haɗa wannan da alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, wadda ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna yin sa ne a wuraren da ba su da tsarin hukuma, za a gane cewa yadda ake kula da mafi yawan ma'aikata a ƙasar nan magana ce da ake yanke ta a cikin shago, tsakanin maigida da yaronsa, ba tare da takarda ko shaida ba.

Wannan zama na maigida da yaro yana da tsarinsa, ko da yake ba a rubuce yake ba, kuma wanda bai san kasuwa ba zai iya ɗaukar cewa aikin kyauta ake yi. Sau da yawa yaro ba ya da albashin wata. Abin da yake da shi shi ne kuɗin abinci da kuɗin mota a kullum, da ɗan abin da yake ɗorawa a kan farashi idan shi ya jawo mai saye, da kayan azumi, da ɗinkin sallah. Idan mahaifiyarsa ta kwanta asibiti, Alhaji ake faɗa wa. Idan ya tashi aure, Alhaji ne ke sa hannu a lefe ko sadaki ko kuɗin hayar ɗaki, idan aka yi masa haihuwa kuma ragon suna yakan fito daga wannan aljihun. A saman duk wannan akwai babban abin da ake jira, wato sallama: bayan shekaru na riƙon amana maigida ya yaye yaro, ya ba shi jari ko kaya ko rumfa, ya gabatar da shi ga manyan dillalai domin su riƙa ba shi kaya bashi, ya zama mai cin gashin kansa. Da yawa daga cikin attajiran da ake ji da su a kasuwannin Kano ta wannan ƙofa suka shigo. Tsarin ya daɗe ƙwarai, domin da shi fatake suka yi safarar goro daga Gwanja, da shi kuma Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ya baza wakilansa cikin ƙauyuka suna sayen gyaɗa da kuɗinsa.

Idan aka dubi wannan tsari da idon lissafi, sallama albashi ce da aka jinkirta. Yaro yana karɓar ƙasa da ƙimar aikinsa shekara biyar ko bakwai ko goma, yana barin sauran a hannun maigida, da fatan za a dunƙule masa a ba shi a matsayin jari. Shi kuma maigida yana juya wannan ragowar a cikin kasuwancinsa, yana samun ma'aikacin da ba zai ci amanarsa ba domin yana da abin da zai rasa. Kowannensu ya jingina ne da abu guda: tsammanin cewa gobe za ta yi kama da yau ko ta fi ta, cewa shagon zai ci gaba da girma, kuma kuɗin da za a bayar ranar sallama zai iya tayar da wani shagon. Wannan tsammani shi ne abin da ya girgiza tun daga tsakiyar 2023.

A ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayun 2023, Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ga kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta koma 750, a watan Fabrairun 2024 kuma ta wuce 1,500. A tsakiyar wannan aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, abin da ya tsinke wa kasuwannin Kano da Katsina masu sayen sari daga Maraɗi da Damagaram. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, na abinci kuwa ya taɓa wuce kashi 40 a tsakiyar shekarar.

Yadda wannan ke cin ɗan kasuwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne mutanen waje suka fi yi masa gurguwar fahimta. A ɗauka, a matsayin misali, mai sayar da yadi ya yi odar kayan dala 10,000 lokacin da dala take naira 750, wato ya zuba naira miliyan bakwai da rabi. Ya sayar da su cikin wata shida a kan miliyan tara, littafinsa ya nuna ribar miliyan ɗaya da rabi, yaransa ma sun ga kuɗin suna shigowa. Da ya koma sayen sabon kaya ya tarar dala ta zama 1,500, miliyan taransa ba za ta sayi fiye da kayan dala 6,000 ba. A takarda ya ci riba, a kan kantar shago kuwa kashi biyu cikin biyar na jarinsa sun narke. Wanda wannan ya faɗa wa sau ɗaya yakan sauya hali gaba ɗaya: ya daina ba da kaya bashi sai ga wanda zai biya cikin kwanaki, ya riƙa sauya farashi safe da yamma yana kallon waya, ya rage yawan odar da yake yi, ya ƙi ɗaukar duk wani nauyi da zai ɗaure shi zuwa baɗi. Bashin banki ba mafita ba ne gare shi, domin ban da ƙyamar kuɗin ruwa da yawancin 'yan kasuwarmu ke yi saboda addini, Babban Banki ya ɗaga nasa ma'aunin ruwan zuwa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ɗorawa a kai.

Nauyin da ya fi sauƙin ɗagewa shi ne wanda ba a rubuta ba, kuma babu ranar da aka sa masa. Saboda haka sallama ce ke fara shan jinkiri. Yaron da ya yi tsammanin za a yaye shi bayan sallar layya sai a ce masa ya ƙara haƙuri kasuwa ta daidaita, kuma sau da yawa maigidan gaskiya yake faɗa, domin cire jarin wani shago daga jarin da ya riga ya ragu zai iya durƙusar da su duka biyun. Amma ta fuskar yaro abin ya fi jinkiri muni. Naira miliyan biyu da aka sallami yayansa da ita a 2019 ta kama rumfa ta cika ta da kaya; irin wannan adadi a yau bai fi ya zama ɗan kayi-nayi mai yawo da samfur a hannu ba. Shekarun da ya bayar suna nan yadda suke, ladan da aka ajiye masa ne ya zube, kuma babu wanda zai kai ƙara wurinsa domin babu adadin da aka taɓa ambata.

Na kullum ma bai tsira ba. Yaron da ke zuwa kasuwa daga Rijiyar Zaki ko Gunduwawa ko Mariri yana biyan kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, kuma idan kuɗin motar da ake ba shi bai bi tashin fetur ba, to daga kuɗin abincinsa yake cikewa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma mutumin da ya wuni tsaye a kan kayan miliyoyi da ƙoƙon koko ɗaya a cikinsa ana gwada amanarsa fiye da kima. Ba na kawo wannan domin wanke mai sata. Ina kawo shi ne domin ƙorafin da ake yawan ji daga masu shaguna, cewa yaran zamani ba su da amana kuma ba su da haƙuri, rabin labarin ne kawai. Haƙurin yaran da suka gabata yana da abin da ya rataya a kai, sun ga na gabansu an sallame su sun yi gida sun je Makka. Wanda ya ga na gabansa ya shekara goma sha biyu yana jiran gawon shanu, zai yi lissafin cewa gara ya nemi na'urar POS ya zauna a bakin titi, ko ya karɓi adaidaita sahu yana biyan balas, ko ya bi abokai wurin haƙar zinare. Idan ya tafi, da shi ake tafiya da sanin kwastomomi, da sanin wanda ke biyan bashi da wanda ba ya biya, da sanin yadin da ke tafiya a Agadas da wanda ke tafiya a Marwa. Sabon yaro sai ya shekara biyu kafin ya san wannan, kuma maigidan da ya riƙe dubu biyar a mako bai cika sa wannan asara a lissafinsa ba.

A masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, inda doka ta kai, hoton ya bambanta amma tushensa ɗaya ne. A rubuce, ma'aikaci yana da haƙƙoƙi masu yawa. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba shi takardar sharuɗɗan aiki kafin ya cika wata uku, da hutun shekara na aƙalla kwana shida da albashi, da hutun rashin lafiya har kwana goma sha biyu, mace kuma tana da mako goma sha biyu na haihuwa da aƙalla rabin albashinta. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa a biya asusun NSITF kashi 1 na jimillar albashi domin wanda inji ya cire wa yatsa ko ya rasa ransa a bakin aiki. Amma mai masana'antar da aka ninka masa kuɗin wuta fiye da sau uku a Afrilun 2024, lokacin da kuɗin yunit ɗaya na rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225, wanda kuma ya ga Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu a Oktoban wannan shekara bayan lalata layin wutar Shiroro, yana kallon kowane ma'aikaci na dindindin a matsayin alkawarin da bai san ko zai iya cikawa ba. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN ta ce kamfanoni 767 suka rufe a 2023 kaɗai. Hanyar da aka fi bi ita ce a bar 'yan ƙalilan a kan cikakken albashi, sauran a ɗauko su ta hannun ɗan kwangila ko a riƙa biyansu kullum. Ranar da babu wuta inji ya tsaya, lebura ya koma gida hannu rabbana. Ta haka haɗarin da ya kamata jari ya ɗauka, domin shi ke cin riba idan an samu, ake sauke shi a kan wanda ya fi kowa rashin abin jurewa.

Gwamnatoci sun sami wata dabara da 'yan kasuwa ba su da ita. Jihohin Kwara da Edo sun rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako a Yunin 2023, gwamnatin tarayya kuma ta ba ma'aikatanta ƙarin naira 35,000 na wasu watanni. Ba a sayar da atamfa daga gida, ba a kuma sarrafa fata ko roba ta waya. Malamar makarantar kuɗi da ma'aikacin ƙaramin asibiti su ma dole su fito kullum, kuma masu waɗannan wurare suna tsoron ƙara kuɗi kada iyaye su kwashe 'ya'yansu.

Babban Banki yana tambayar kamfanoni kowane wata yadda suke hangen kasuwa, kuma abubuwan da suke kuka da su kusan ba sa sauyawa: rashin tsaro, tsadar bashi, yawan haraji, da wutar lantarki. Abin lura a waɗannan rahotanni shi ne kamfanoni sukan nuna kyakkyawan fata game da watanni shida masu zuwa fiye da watan da suke ciki. A 2025 wani ɓangare na wannan fata ya tabbata, naira ta ɗan zauna wuri ɗaya, farashin hatsi ya sauko a Dawanau, Babban Banki ya fara rage kuɗin ruwa a watan Satumba. Sai dai raguwar hauhawar farashi ba ta nufin kaya sun koma yadda suke, tana nufin tashin ne ya rage gudu, kuma faɗuwar adadin daga kashi 34.8 zuwa kusan 24.5 a Janairun 2025 ta zo ne daga sauya ma'aunin lissafi da NBS ta yi. Ko ma'aikacin da doka ta rufa wa asiri bai koma inda yake ba: naira 30,000 ta 2019 ta fi dala 80, naira 70,000 kuwa a ranar da aka sa mata hannu ba ta kai dala 50 ba. Abin da ya fi damuna shi ne tallafin ma'aikaci yana saurin yankewa idan an shiga matsi, yana kuma nawar dawowa idan an fita. Mai shagon da ya rage yara daga shida zuwa huɗu ya ga aiki bai tsaya ba, ba zai yi gaggawar mayar da biyun ba, kuma buhun shinkafar azumi da aka mayar kwano biyu a shekarar wahala yakan zauna kwano biyu.

A ganina gyaran da ya fi kusa da hannu ba ya buƙatar jiran majalisa, yana buƙatar a fito da alkawarin sallama daga zuci a sa shi a takarda. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi idan an ƙulla shi zuwa wani ajali, malaman fikihu kuma sun sharɗanta cewa ladan ƙwadago ya zama sananne kafin a fara aiki, ga hadisin da kowa ya haddace na a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Mun riƙe waɗannan a wa'azi, muka bar ciniki mafi girma a rayuwar saurayi, wato shekarunsa goma na ƙuruciya, a kan "in Allah ya yarda zan duba ka". Maƙwabtanmu Inyamurai a Sabon Gari suna da irin wannan tsari na koyon kasuwa, kuma sukan yanke adadin shekarun tun farko a gaban dangin yaro. Su ma ana samun saɓani a tsakaninsu, amma aƙalla akwai ranar da za a iya nunawa a ce ta wuce.

Darasin waɗannan shekaru na tsadar rayuwa ya ƙara wani abu a kan rubutawar, wato da me za a auna alkawarin. Idan aka ambaci naira, hauhawar farashi za ta cinye ta kafin ranar ta zo. Idan aka ce dila kaza na yadi, ko katan kaza na kaya, ko kaso kaza na ribar kowace shekara da za a riƙa ware wa yaro ana juya masa a cikin shagon, to ƙimar tana tafiya tare da kasuwa. Wannan ya fi yi wa maigida ma adalci, domin a shekarar da aka yi asara kason yaro zai ragu tare da nasa, a shekarar albarka kuma ba zai iya cewa babu ba. Haka kuɗin mota da na abinci, ana iya amincewa a riƙa duba su duk wata uku, maimakon yaro ya yi ta jin nauyin buɗe baki har takaici ya taru.

Na san abin da wasu iyayen gida za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi: yaro ɗa ne a wurinsu, takarda za ta mayar da zumunci ciniki, kuma wanda aka rubuta wa haƙƙinsa zai tsaya a kansa ya daina ganin girman kowa. Akwai kuma masu shagunan da suka wuce duk abin da takarda za ta ce, suka aurar da yaransu, suka gina musu gidaje, suka ci gaba da ciyar da su a watannin da ba a yi cinikin kirki ba. Irin waɗannan ba abin da rubutu zai rage musu, domin takarda tana faɗin mafi ƙarancin abin da za a yi ne, alheri kuma yana nan a buɗe a samanta. Inda ake buƙatarta shi ne ranar da maigida ya rasu, magada suka zo rabon gado, yaron da ya shekara tara a shagon ya tashi ba shi da ko layi ɗaya da zai nuna wa alƙali. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na kowane layi, waɗanda dama su ke sasanta rigimar bashi da ta rumfa, suna iya ajiye kwafi su zama shaidu. Su ne kuma suka fi dacewa su tara yaran layinsu su shigar da su inshorar lafiya ta jihar Kano da ke hannun hukumar KSCHMA a matsayin rukuni, ko tsarin ƙaramin fansho da aka ƙaddamar a 2019 domin masu sana'ar hannu da ƙananan 'yan kasuwa, ta yadda jinyar mahaifiyar yaro ba za ta dogara da ko an yi ciniki a wannan makon ba.